Littafin Da Aka Fara A Kurkuku: Sharhi A Kan Aikin John Bunyan

A cikin shekarar 1678 aka buga wani ɗan littafi a birnin London, aka sa kuɗinsa sule da sisi. Sunansa da Turanci The Pilgrim's Progress, watau tafiyar mai ibada da yadda ya ci gaba a kan hanyarsa. Wanda ya rubuta shi ba shehun malami ba ne, ba kuwa ɗan sarauta ba. Wani talaka ne mai gyaran tukwanen ƙarfe da kwanuka, sunansa John Bunyan. Kafin ya rasu an buga littafin har sau 11. Daga baya aka juya shi cikin harsuna fiye da 200, wajen 80 daga cikinsu harsunan Afirka ne. Littafin da ya yi irin wannan yawo ya cancanci a zauna a auna shi, a ga abin da ya faɗa daidai, a kuma ga inda ya yi tuntuɓe.

Masu yabon littafin su kan ce labari ne na jarumi wanda ya tsaya a kan addininsa ko da za a kashe shi. Haka ne. Amma wanda ya karanta shi a natse, tun daga farko har ƙarshe, zai ga akwai wata magana da ta fi wannan nauyi. Bunyan ya gane cewa maƙiyi na waje ba shi ne ya fi kayar da mai bi ba. Shakkar da ke cikin zuciya, da tsaguwar da ke tsakanin 'yan'uwa, su ne suka fi haɗari. Maganin da ya samo musu kuwa bai same shi duka a rana ɗaya ba, sai da shekaru suka koya masa.

Mutumin da zamaninsa

An haifi Bunyan a shekarar 1628 a wani ƙauye mai suna Elstow, kusa da garin Bedford a ƙasar Ingila. Karatunsa bai wuce iya karatu da rubutu ba. Yana saurayi aka yi yaƙin basasa tsakanin Sarki da Majalisa, aka ɗauke shi soja a 1644, ya yi wajen shekara uku. Da ya komo gida sai ya kama sana'ar ubansa, yana bin ƙauyuka da kayan aiki a bayansa. A lokacin nan ne ya shiga wata 'yar ƙaramar jama'ar Kirista a Bedford, wadda wani mutum mai suna John Gifford ke shugabanta, har shi ma ya fara wa'azi.

To, a zamanin nan Kiristan Ingila sun rabu kashi kashi. Akwai ikilisiyar da hukuma ta tsayar, mai littafin addu'a guda wanda a ke so kowa ya bi. Akwai kuma ƙananan jama'u waɗanda suka ce ba za su bi wannan tsari ba. Sa'ad da aka komo da sarauta a 1660, Sarki Charles na Biyu ya hau gadon ubansa, sai aka matsa wa waɗannan ƙananan jama'u lamba. A 1662 aka yi doka wadda ta sa malaman addini wajen 2,000 suka bar wuraren aikinsu. A 1664 aka hana taron ibada na fiye da mutum biyar, ban da mutanen gida, in ba a kan tsarin hukuma aka yi shi ba.

Shi Bunyan tun kafin waɗannan dokoki aka kama shi, a watan Nuwamba 1660, a wani gidan gona inda ya je wa'azi. An gaya masa tun da wuri ana nemansa, ya ƙi gudu. Aka ce in ya yi alkawari ya bar wa'azi a sake shi, ya ƙi. Alƙalai suka yanke masa wata uku, wata ukun nan ya zama shekara 12, don kullum aka tambaye shi amsarsa guda ce.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. Matarsa ta fari ta rasu ta bar masa 'ya'ya huɗu, babbarsu Mary makauniya ce. Matarsa ta biyu, Elizabeth, tana da ciki aka kama shi, tashin hankali ya sa ta haihu ba lokaci ba, abin da ta haifa bai rayu ba. A 1661 ta tsaya gaban manyan alƙalai a Bedford tana roƙo a saki mijinta. Ɗayansu, Sir Matthew Hale, ya yi mata magana mai taushi, amma bai iya yi mata kome ba. Bunyan yana cikin kurkuku yana yin igiyoyi irin na ɗaure takalmi, ana sayarwa iyalinsa su ci abinci. Shi da kansa ya rubuta cewa tunanin wahalar da 'yarsa makauniya za ta sha ya fi kome karya masa zuciya. Ƙofa kuwa kalma ɗaya ce za ta buɗe ta. A cikin wannan hali aka fara rubuta littafin.

Kashi na farko

Littafin labarin misali ne, an tsara shi kamar mafarki. Ko wane mutum a ciki sunansa shi ne halinsa, saboda haka a nan an juya sunayen zuwa Hausa bisa ma'anarsu. Wani mutum ne mai suna Kirista ya tashi daga Birnin Halaka da kaya mai nauyi a bayansa, zai tafi Birnin Sama. Kayan nan zunubinsa ne, kuma wanda ya saba ɗaukar kayan ƙira daga ƙauye zuwa ƙauye ya san yadda a ke bayyana nauyi. Maƙwabtansa biyu suka bi shi don su komo da shi, Mai Taurin Kai da Mai Saurin Juyawa. Na farkon ya zage shi ya koma. Na biyun ya bi shi da murna, amma da suka faɗa wani taɓo sai ya fita ta gefen gida, ya bar shi a ciki.

Wurin da ya fi shahara a littafin shi ne Kasuwar Banza. Kasuwa ce mai ci kullum, ana sayar da gidaje da gonaki da sarauta da girma da jin daɗi, har da rayukan mutane. Hanya kuwa ta cikinta ta ratsa, ba mai iya kauce mata. Kirista da abokinsa Amintacce suka shiga, tufafinsu dabam, maganarsu dabam, ba su kuwa taya kome ba. Wannan kawai ya isa laifi. Aka yi musu duka, aka sa su cikin keji, aka kai su gaban alƙali mai suna Maƙi Alheri. Shaidu uku ne, Hassada da Camfi da Fadanci. Mutum 12 masu taya alƙali yanke hukunci kuwa, shugabansu sunansa Makaho. Aka kashe Amintacce, aka ƙone shi. Wannan shari'a an rubuta ta da gwaninta ƙwarai, gama mai rubutun ya taɓa tsayawa gaban irin wannan alƙali, ya san yadda a ke yanke hukunci tun ba a ji ta bakin mutum ba.

Amma a lura da abu guda. A Kasuwar Banza zuciyar Kirista ba ta girgiza ba ko kaɗan. Har ma mutuwar Amintacce ita ta jawo wani ɗan garin, Mai Sa Rai, ya bi Kirista ya zama abokin tafiyarsa. Inda Kirista ya kusa halaka wani wuri ne dabam, inda ba maƙiyi ko ɗaya da ya tura shi. Hanya ce ta yi tsakuwa, ƙafafunsu suka yi ciwo, suka hangi wata 'yar hanya mai laushi cikin makiyaya tana bin gefen babbar. Kirista da kansa ya ce su tsallaka, ya rinjayi abokinsa. Dare ya yi, ruwa ya sauko, suka ɓata. Da gari ya waye sai ga su a hannun wani ƙato mai suna Fid da Rai, ya jefa su kurkukun Gidan Shakka.

Tun daga safiyar Laraba har daren Asabar ba ci ba sha, ba haske. Ƙaton ya yi musu duka da kulki, sa'an nan ya ba su shawara su kashe kansu su huta. Mutumin da bai ji tsoron wuta a kasuwa ba, ga shi nan yana tunanin ko kabari ya fi masa. Mai Sa Rai ne ya yi ta ba shi baki, yana tuna masa irin wuyar da ya riga ya wuce. Can wajen asuba, bayan sun kwana addu'a, sai Kirista ya tuna akwai wani mabuɗi a ƙirjinsa, sunansa Alkawari, wanda zai buɗe ko wace ƙofa a gidan. Tun ranar Laraba mabuɗin yana jikinsa, baƙin ciki ne ya mantar da shi.

Nan ne littafin ya kai matuƙar kyaunsa. Wanda bai taɓa zama a ɗaure ba zai zaci duka da zagi su ne abin tsoro. Bunyan ya san daren da mutum ke kwance yana tambayar kansa ko dai shi ne ya ɓata, ko ya jefa 'ya'yansa cikin yunwa a banza. Ya kuma san ba a fita daga irin wannan dare sai da aboki. Har a bakin kogin mutuwa, inda tafiyar ta ƙare, Kirista nutsewa ya fara yi, Mai Sa Rai ne ya riƙe kansa a bisa ruwa.

Akwai kuma matafiya na ƙarya, waɗanda Bunyan ya zana da ido mai kaifi. Ga Mai Surutu, wanda ya iya zancen addini ko wane iri, amma iyalinsa a gida sun san halinsa. Ga Bi Riba, wanda ba ya bin addini sai ran da addini ke da kasuwa, wani daga cikin kakanninsa kuwa mai fito ne, yana duban gabas yana tuƙi yamma. Duk wanda ya karanta zai tuna da wani wanda ya sani, ko da wane irin addini ya ke bi.

Inda littafin ya gaza

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kashi na farko yana da aibu, kuma ba ƙanana ba ne.

Na ɗaya, Kirista ya bar matarsa da 'ya'yansa suna kiransa, ya toshe kunnuwansa da yatsu ya ruga. An san misali ne, an kuma san daga ina ya fito, gama Bunyan ma haka ya zaɓa. Duk da haka mai karatu ya kan ji wani abu ya tsaya masa a wuya, don bayan wannan ba safai Kirista ke tuna su ba.

Na biyu, wani lokaci labari ya kan tsaya cik, matafiya su shiga doguwar muhawara a kan tauhidi, shafi bayan shafi. A nan mai wa'azi ya rinjayi mai ba da labari.

Na uku shi ne mafi girma. Bunyan ya sha wuya a hannun masu cewa hanyarsu kaɗai ce daidai, amma shi ma alƙalaminsa bai kuɓuta daga wannan hali ba. Ya kawo Paparoma cikin siffar wani tsohon ƙato wanda gaɓoɓinsa suka sandare, yana zaune bakin kogo yana cizon farce don ya kasa kama matafiya. A shekarar da littafin ya fito kuwa, watau 1678, wani mutum mai suna Titus Oates ya ƙaga ƙarya cewa 'yan Katolika na shirin kashe Sarki, aka kashe mutane da dama a kan ƙaryar nan. Su ma sun tsaya gaban Maƙi Alheri, amma littafin ba shi da wurin da zai ji tausayinsu. Haka kuma wani yaro mai suna Jahili, wanda ba mugu ba ne, yana addu'a yana azumi yana ba da sadaka, sai dai bai shigo ta ƙofar da aka ce ba. Ya kai har bakin Birnin Sama, aka tambaye shi takardar shaida, ba shi da ita, aka ɗaure shi hannu da ƙafa aka jefa shi cikin halaka. Da wannan kashi na farko ya rufe. Bisa ga koyarwar Bunyan hukuncin daidai ne, gama yaron da aikinsa ya dogara. Amma mutane da yawa, har cikin Kirista, sun ga tsananin ya yi yawa. Laifi tudu ne, mutum ya kan taka nasa ya hango na wani.

Abin da shekaru suka koya masa

Bunyan mutum ne mai zafin muhawara. Littafinsa na farko ma, a 1656, don ya yi wa jama'ar Kweka raddi ya rubuta shi, su ma kuwa ƙaramar jama'a ce da a ke tsananta wa kamar tasa. Sai ga abin mamaki. A 1672, sa'ad da Sarki ya sassauta, 'yan Kweka ne suka yi wahalar neman takardar afuwa ta fursunoni kusan 500, aka sa sunan Bunyan a ciki. Waɗanda ya yi wa raddi, da su aka haɗa shi a takarda guda.

Fitowarsa ke da wuya sai wata rigima ta taso, wannan karon daga 'yan'uwansa na kusa. Waɗansu shugabannin Baftis na London, cikinsu har da William Kiffin, suka ce wanda ba a yi masa baftisma ta nutsarwa yana babba ba, kada a yarda ya ci Jibin Ubangiji tare da jama'a. Bunyan ya ƙi. A 1673 ya buga littafi yana cewa bambancin ra'ayi a kan ruwa bai isa ya raba masu bi ba. Mutumin da ya yi shekara 12 a ɗaure don ya ƙi sassauta wa hukuma, ga shi yana roƙon 'yan'uwansa su sassauta wa juna. Ba saɓani tsakanin biyun. Ya bambanta abin da shi ne tushe, wanda ba a sayarwa ko da rai, da abin da shi ne reshe, wanda bai kamata a fasa zumunci dominsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan hankali shi ne ya cika kashi na biyu, wanda ya fito a 1684. Yanzu matar Kirista ce ta tashi da 'ya'yanta huɗu, da wata budurwa maƙwabciyarta mai suna Jinƙai. Iyalin da aka bari a baya, an komo an ɗauke su. Tafiyar ta zama irin ta ayari, da madugu mai suna Babbar Zuciya. Ko wane zango aka sauka ayarin ƙaruwa ya ke yi, waɗanda ke shigowa kuwa yawancinsu raunana ne. Ga wani gurgu mai sanduna biyu. Ga wani mai suna Rarraunan Hankali, wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana jin nauyin bin su, don kada ya zama musu kaya, ga shi kuma abu kaɗan ke sa shi tuntuɓe. Madugu ya ce masa za su jira shi, za su bar waɗansu abubuwan da su ke so dominsa, ba kuwa za su yi gardamar abubuwa masu wuya a gabansa ba. Duk fataken da suka san hanya sun san ba a auna tafiyar ayari da jakin da ya fi sauri.

Akwai kuma labarin wani Matsoraci, wanda ya yi fiye da wata guda a bakin taɓon nan ya kasa tsallakawa, kullum yana tsoron ba za a karɓe shi ba. Amma bai taɓa juyawa baya ba. Da ya isa Kasuwar Banza sai ga shi ya fi kowa zafi a kan wautarsu, da ya isa kogi kuma ya tarar ruwan ya janye fiye da yadda aka taɓa gani. Da wannan Bunyan ya nuna cewa tsayawa a kan imani ba sai mai ƙarfin zuciya ba. Mai rawar jiki ma, in bai koma ba, ya tsaya.

Sa'an nan ayarin ya yi abin da Kirista bai iya ba. Shi tserewa ya yi daga Gidan Shakka, ya bar ƙaton da rai. Su kuwa taruwa suka yi suka kashe ƙaton, suka yi kwana bakwai suna rushe gidan, suka fito da wani mutum da 'yarsa waɗanda yunwa ta kusa kashewa a ciki. Aka yi kiɗa a bakin hanya, gurgun nan ya kama hannun yarinyar, ya yi rawa da sanda ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda ya kamata a karanta shi

Yawancin mutane kashi na farko su ke karantawa su ajiye, gama ya fi faɗa da ban tsoro. Wanda ya yi haka ya ɗauki rabin maganar Bunyan. Kashi na farko yana koya wa mutum kada ya sayar da abin da ya gaskata. In aka tsaya nan, yana iya haifar da mutum mai ganin kowa ɓatacce sai shi. Kashi na biyu shi ke koya masa ya jira na baya, ya riƙe harshensa a gaban rarrauna. Ko da ya ke bai gyara abin da aka yi wa Jahili ko 'yan Katolika ba, ya nuna inda zuciyar marubucin ta nufa.

Ta wajen harshe kuwa, littafin abin koyi ne. Bunyan bai nemo manyan kalmomi ba. Da maganar kasuwa da ta gona da ta Littafi Mai Tsarki ya yi aiki, shi ya sa manomi ya gane, malami kuma bai raina ba. Wanda bai daɗe da koyon karatu ba, yana ganin rubuta littafi sai masu zurfin ilmi, ya dubi wannan mai gyaran kwanuka, wanda ya bar littattafai wajen 60.

A watan Agusta 1688 Bunyan ya hau doki ya tafi garin Reading don ya sulhunta wani uba da ɗansa. Ya yi nasara. A kan hanyarsa ta zuwa London ruwan sama ya yi masa duka, zazzaɓi ya kama shi, ya rasu ran 31 ga watan, yana da shekara 59. Aka binne shi a maƙabartar Bunhill Fields, inda a zamanin nan a ke binne waɗanda ba su bi ikilisiyar hukuma ba. A shekarar da ta biyo, 1689, Majalisa ta yi dokar da ta yarda wa irin jama'arsa su yi ibadarsu a fili.